Tubalin Ƙarshe na Gidan Sabinu

Rana ta kusa faɗuwa Kayisan ta sauke waken daga wuta. Ta zuba a tsohon kwanon nan da bakinsa ya lanƙwashe, ta barbaɗa garin rogo, ta ɗiga manja, ta rufe da ganyen ayaba. Sannan ta fito daga gidan goggonta da ke gefen tafki, ta nufi bakin teku.

Duk garin Aneho an san ta da wannan kwano. Tun ranar da uwarta ta kwanta ciwon ajali ta karɓe shi, har ga shi furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalinta. Maneman aure sun zo sun gaji sun tafi, don babu namijin da zai yarda matarsa ta riƙa barin tukunyarsa a wuta kowace yamma tana kai wa bango abinci.

Bangon kuwa na gidan Sabinu ne, benen kakanninta. A zamanin da fatake ke gasar gina benaye a bakin ruwa, kakan kakanta Sabinu ya ɗauko wani magini mai suna Bentu tun daga Bahiya, can ƙetaren teku. Bentu ya ƙona jan tubali da hannunsa, ya ƙona ƙwanson kawa, irin ɓawon da ake tsinta a bakin teku, ya yi farar ƙasa, ya cuɗa da manja, ya tayar da gidan da har yau magina ke tsayawa suna girgiza kai. Teku ta cinye layin gidajen gaba kaf, ta cinye na bayansa, amma gidan Sabinu yana nan tsaye. A jikin bangon matakala akwai gurbin tubali ɗaya da ba a taɓa cikewa ba, kuma a ƙarƙashinsa matan gidan ke ajiye kwano kullum kafin duhu. Da safe a tarar da shi fes. Ko kyanwa ce ko ba kyanwa ba, babu mai tambaya.

"Mu gidan nan ba mu gaji butulci ba," haka uwarta ke cewa. "Wanda ya gina mana, ba ya kwana da yunwa."

Da wannan magana Kayisan ta girma, tana alfahari da ita kamar sarƙar zinariya.

Sai ga ƙanenta Ekuwe ya dawo daga Lome da daɗin baki, wai zai gyara rufin da ke yoyo. Ya lallaɓa ta ta koma wajen goggo har a gama, ya ce shi zai riƙa shigar da kwanon. Kafin ta yarda sai da ta ja shi ɗakin da aka binne uwarsu, ya dafa kabarin ya rantse ba zai taɓa gurbin nan ba. Yau kuma ya aiko cewa aiki ya kammala, ta kawo kwanonta da kanta.

Ta tarar da shi a tsallaken titi, zaune a kan babur ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Bai kashe injin ba. Ya kira ta da Dada, yadda ƙanne ke kiran yayarsu a garin.

"Dada Kayi! Uwar wake! Har kin iso?"

"Uwar wake ce ta goya ka, mai bakin aku. Kashe wannan abin mu shiga, in ga ɓarnar da ka yi."

"Shiga kawai, ina nan. Takalmina sabo ne, akwai siminti a ƙasa."

"Lallai. Ɗan Lome ba ya taka ƙasar da aka binne cibiyarsa."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan agogon hannunsa. Ta lura, ta ɗauka ko wata yarinya ce ke jiransa. Ta tsallaka titi ta tura ƙofar.

Warin fenti ne ya fara tarbarta. Kujerun uwarta babu. Hoton ubanta babu. Ta leƙa ɗakinta, ta ga an kwashe tabarmarta da tukwanenta, an kafa farin gado irin na masauki. A jingine da bango ga wani allo, an zana kwakwa da kwale-kwale, an rubuta farashin kwana. Ba ta yi makaranta mai nisa ba, amma wannan bai fi ƙarfinta ba. Ekuwe ya ba wa baƙi gidan, ita kuma an share ta kamar yanar gizo.

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta ce a ranta, bari in sallami tsoho Bentu tukuna, sannan in fita mu yi ta da yaron nan.

Ta nufi matakala. Hasken yamma na shigowa ta tsagin tagogin katako, ja kamar manja. Nan wani wari ya doke ta, warin ɗanyen siminti.

Gurbin babu.

An cike shi da wani tsohon jan tubali, simintin gefensa bai ko bushe ba. Ta san tubalin nan. A akwatin ƙarfen ubansu yake zama, naɗe da farin ƙyalle. Tana yarinya ta taɓa buɗe shi, ta sha dukan da ba ta manta ba. Ubansu ya ce kayan maza ne.

Ƙararrawar coci ta buga daga nesa. Da ta yi shiru, sai Kayisan ta ji wani abin da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta a gidan nan.

Teku ta yi shiru.

Babu igiya, babu iska. Jemagun da ke rufi ma sun daina motsi.

Sai daga saman bene, karrr.

Ta san ƙarar. Cokalin magini ne, ana kankare shi a bakin tubali.

Karrr. Karrr.

"Wa ke nan?" Muryarta ta fito siririya. "Ma'aikata ba su tashi ba?"

Matakalar sama ta yi ƙara. Ta biye da ita ta yi ƙara. Warin fenti ya gushe, wani ya maye gurbinsa: ƙonannen ƙwanson kawa, da gumi, da tsohuwar taba. A kan katakon matakala sawu ya bayyana, fari fat, na ƙafa marar takalmi. Wani sawun ya bayyana a ƙasansa.

Babu kowa a kan sawun.

Ya tsaya dab da ita. Ta ji numfashi a goshinta, mai sanyi.

"An gama?"

Muryar a dushe take, kamar ana zuba yashi a ƙwarya. Kayisan ta miƙa kwanon, manja na ɗiga a yatsunta.

"Baba Bentu... ga abincinka."

"Ban tambayi abinci ba. An gama?"

Wani abu ya shafa sabon tubalin a hankali, ta ga simintin ya lotsa, shatin yatsu ya fito.

"Tubalina," in ji muryar. "Sabinu ya ce ranar da na ƙarshe ya shiga, zai sa ni a jirgi. Ina da mata a Bahiya. Ina da 'ya. Na baro ta tana rarrafe."

Sanyi ya taɓa ƙafarta. Ta dubi ƙasa. Ruwa ne ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi, ba ya ƙara.

"Sabinu ya ɗauke tubalin da hannunsa. Ya ce kada in je in gina wa wani wanda ya fi nasa. Ya ce gobe. Ya aiko min da wake."

Numfashin ya matso.

"Kullum gobe. Kullum wake."

Sai ta gane, ganewar ta fi tsoron zafi. A garin nan ma'aikaci ake ciyarwa, kuma muddin kwano na zuwa daga mai gida, magini ba ya barin aiki. Ashe ba alheri take kawowa ba, marin ƙarfe ne take ɗaura masa a ƙafa kowace yamma. Uwarta ta ɗaura, kakarta ta ɗaura, suna ta yabon kansu, mazan gidan kuwa na zaune a kan tubalin sun yi shiru.

"Ke ce mai kwano," in ji muryar. "Mai kwano ake tambaya lada. Ina jirgina?"

Ruwan ya kai idon sawu.

"Ekuwe!" Ta kwarma ihu. "Ekuwe!"

A waje babur ya yi gurnani. Ta ji ya ɗauki hanya, ƙararsa na raguwa, na raguwa, har ta ɓace.

Kwanon ya suɓuce, ya kife a ruwa.

Ruwan ya kai gwiwa.

Ta kai hannu bango, ta tusa farce a simintin. Da laushi yake. Ta ja, tubalin ya motsa. Ja ɗaya ya rage, gurbi ya dawo, aiki ya koma bai ƙare ba, ruwa ya janye, gobe ta dafa wake. Gidan ya tsira, ita ma ta tsira.

Muryar ba ta yi tsawa ba. Ƙasa ƙasa ta yi, kamar ta tsohon da ya gaji.

"Ke ma?"

Yatsunta suka tsaya.

Nan aka haife ta. Nan uwarta ke kwance. Ba ta da wani wuri a duniya.

Ta mayar da tubalin, ta danna shi da tafin hannu har ya zauna.

"An gama, Baba," ta ce da raɗa. "Ba mu da jirgi. Ɗauki gidan. Naka ne."



Sai katakan bene suka yi wani irin nishi, irin na kwale-kwale idan masunta sun ture shi daga yashi. Ƙasa ta karkata. Tagogi suka buɗe gaba ɗaya.

Ta juya. Ruwa ya kai ƙugu, yana jan ta baya. Ƙofa na can sama, tana nisa. Ta faɗi, gishiri ya cika mata baki. Ta tashi. Ta sake faɗi.

Wani hannu, mai kaushi kamar dutse, ya dafa tsakiyar bayanta ya ingiza.

Ta faɗa kan titi da fuska.

Teku ta saki ƙara guda ɗaya a bayanta. Ba ta waiwaya ba, rarrafe ta yi ta yi har masu gasa kifi suka tsince ta.

Da gari ya waye babu gidan Sabinu. Babu tarin tubali, babu ko guntun katako a bakin ruwa, sai yashi sumul da kwano ɗaya a kife. Mutane suka ce ai dama teku ta daɗe tana harin layin nan. Wasu masunta da suka fita da asuba sun ce sun hangi wani abu mai tagogi can nesa yana bin yamma, amma masunta ba sa rasa abin faɗa. A bayan rigar Kayisan akwai shatin hannu fari, an wanke an wanke bai fita ba.

Ekuwe bai zo ya duba ta ba. Goggo ce ta je Lome ta titsiye shi, ya amsa cewa ubansu ya faɗa masa komai tun yana saurayi, har da cewa mai kwano ake tambaya. Baƙin sun ce ba za su karɓi gida mai rami da kwanon wake ba, shi kuma ya ce a ransa wataƙila duk tatsuniya ce. Sai dai duk da haka bai yarda ya kashe injin babur ba.

Kayisan ba ta zage shi ba. Ta daina ambaton sunansa kawai, kuma ta daina dafa wake.

Bayan damina sai ga ɗan aike daga Lome. Wai a ɗakin da Ekuwe ke haya wani gurbi ya buɗe a bango, daidai girman tubali ɗaya. An cike, ya buɗe. Ya sauya gida, gurbin ya riga shi isa. Kuma kowace yamma yana jin ƙarar cokalin magini. Gidan ya biya kuɗin jirgi, amma shekarun da aka ci ba a biya ba. Yana roƙon Dada, don darajar cikin da suka fito, ta zo ta riƙa kai abinci kamar da.

Kayisan na zaune tana gyaran kifi. Ta goge hannu a zani, ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon kwanon nan mai lanƙwasasshen baki, ta miƙa wa ɗan aiken.

"Kai masa," ta ce. "Ka ce masa ya koyi girki. Mai kwano ake tambaya."