Tsayuwar Sarkin Haƙa

A shekara ta huɗu ta sarautar sarkin da ake wa laƙabi da Autan Fada, cikin tsakiyar bazara, rundunarsa ta kewaye garin baffansa. Baffan ya ƙi yi masa mubaya'a, yana cewa ba zai durƙusa wa yaron da aka yi wa suna a gabansa ba. Aka yi wata biyu ganuwa ba ta ko tsage ba.

Sai Madawaki ya kawo shawara. Rijiya ɗaya ce ke shayar da garin, kuma jijiyar ruwanta ta ratso ne daga wajen ganuwa. In an tono ta aka danƙare da yumɓu, cikin mako guda ƙishirwa za ta buɗe ƙofa. Mutum ɗaya ya san inda jijiyar ta bi, shi ne Sarkin Haƙa, tsohon da ya haƙa rijiyar da hannunsa, wanda a lokacin yake haƙa wa rundunar tata rijiyar a sansani.

Aka kira shi. Ya zo da laka har gwiwa, ya jingine daginsa a bakin rumfa, ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki na ce masa Baba tun yana ƙarami, don a kafaɗarsa ya fara leƙa cikin rijiya. Da ya gama jin umarnin sai ya ce, "Ranka ya daɗe, na san wurin. Ba zan nuna ba."

Waziri ya ce, "Tsufa ne ya taɓa ka, ko rana?"

"Duka biyun, Waziri, amma ba su ne suka hana ni ba. Ranar da aka fara ɗaura min igiya a ƙugu, sai da ubangidana ya sa na faɗa da bakina cewa hannuna ba zai hana mai rai ruwa ba. Kowane mahaƙi da haka yake shiga rami."

"Wannan ai al'ada ce kawai."

"Liman ya ce min aƙida ake kiranta. Ubangidana bai yi karatu ba, shi tsayuwa yake cewa, wai inda ƙafarka take in ƙasa ta soma zubowa."

Hukuncin wanda ya ƙi umarni a fagen yaƙi sananne ne. Sarki ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, so kake ka sa ni in kashe ka?"

"Ba na so, ɗana. Amma in ya zama dole, a bar ni in ƙarasa ta sansani. Saura gaba biyu, mutanenka kuwa ruwan kwatami suke sha."

Aka bar shi. Madawaki ya sa dogarai biyu a bakin ramin kada ya gudu, tsohon ya ce tunda sun zo su riƙa ja masa ƙasa. A rana ta huɗu ruwa ya ɓullo. Ya fito, ya wanke fuska, ya yi sallar azahar, sa'an nan ya tafi gaban sarki da ƙafarsa ya ce ya gama.

Sarki ya dube shi, idonsa ya cika. Ya ce, "Ku kwance masa rawani. Daga yau ba shi da sarauta. Wuyansa kuma kada wanda ya taɓa."

Tsohon ya shafa kansa ya ce, "Dama zafi yake sa ni."

Abin da aka ruwaito shi ne, da damina ta faɗi rundunar ta koma gida, garin bai ciwu ba, kuma har Autan Fada ya rasu bai mallake shi ba. Maroƙan fada sukan yi saurin wuce wannan shekarar. Tsohon ya ƙare kwanakinsa yana yashe rijiyoyin unguwa.

Ni dai nakan daɗe a kan wannan shekarar. Mulki na Allah ne, Yana ba da gari Ya hana gari. Amma sarkin da takobi ke hannunsa, fada na kallonsa, ya yarda a rubuta shi cikin waɗanda suka kasa don kada ya zubar da jinin tsoho mai gaskiya, ban iya kiransa wanda ya kasa ba. Allah Ya jiƙansu su biyun.