Ɗakin da Rana Ba Ta Shiga

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda na unguwar Muharram Bek, aka ce an fasa gida. Sufeto Ra'afat Mandur ya ajiye shayinsa, ya kira Saja Abdul-Ati, suka tafi.

Tsohon gidan bene ne a bayan layin tarago, iskar teku ta cinye fentinsa. A hawa na farko suka tarar da wani mutum cikin kwat yana kai-komo, ga tarin kwalaye babu komai a ciki jingine da bango.

"Kai ne mai gidan?" in ji Sufeto.

"Ni ne mai kayan, Basha, ranka ya daɗe. Basim Zahran, dillalin kayan wasa na da. Gidan na Ustaz Wagih Badran ne. Ɗansa ya sayar mini da duk abin da ke ɗakin can, na biya, yau na zo kwasa."

"Me aka sace?"

"Matuƙin Zuhal."

"Mutum ne?"

"Ɗan tsana ne na roba, Basha, matuƙin jirgin zuwa tauraron Zuhal. Bai kai tsawon tafin hannu ba."

Saja ya yi tari don ya ɓoye dariya. Basim bai yi dariya ba.

Suka shiga ɗakin. Kabad-kabad na gilashi sun zagaye bango, cike da 'yan tsana: mayaƙan sararin samaniya, dodannin wasu taurari, mutum-mutumin ƙarfe masu jajayen idanu. Kowanne yana cikin kwalinsa, yana leƙe ta tagar leda. Babu wanda aka taɓa buɗewa.

Murfin katako na ƙofar baranda a buɗe yake, gilashin ƙofar a fashe. Rana ta shigo ta kwanta a tsakar ɗakin. Kabad ɗin da ke fuskantar barandar an lulluɓe shi da zanen gado, an soke gefunansa tsaf.

"Wa ya rufe wannan?"

"Haka na tarar," in ji Basim.

Sufeto ya ɗaga zanen. A tsakiyar kanta ga wani ƙaramin kwali shuɗi, zaune a mazauninsa, babu komai a ciki. Ba a yage shi ba. An bi bakin gam da wuƙa siririya, aka buɗe.

Basim ya dafe kai. "Ka gani? Ko an dawo mini da shi yanzu, an kashe shi. Wanda aka buɗe ba kaya ba ne, abin wasan yara ne."

"Da can mene ne?" in ji Saja.

Sufeto ya leƙa baranda. Fasassun gilashi duk a waje suke. A cikin ɗakin babu ko ɗaya. Ya juya ya nufi falo.

A falo ɗan mai gidan yake, Tamir, injiniya daga Alƙahira, idanunsa sun yi ja.

"Mahaifinka ya yarda da cinikin nan?"

"Ya yarda."

"Da bakinsa?"

Tamir ya sunkuyar da kai. "Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya magana, Basha. Kotu ta ba ni ikon kula da dukiyarsa. Zan mayar da shi da Mama wurina, kusa da asibiti. Gidana ɗaki biyu ne. Ina zan zuba sojojin roba?"

"Wato bai yarda ba."

"Bai ce a'a ba."

"Ina son in gan shi."

Ustaz Wagih yana kwance a ɗaki na gaba, tsoho dogo wanda ciwo ya naɗe. Gefen bakinsa ya karkace. Idanunsa kaɗai ke tafiya, suka bi Sufeto daga ƙofa har bakin gado. Ana zafi, fanka na juyawa, amma an rufe shi da bargo har ƙirji.

A kan kujera matarsa take zaune, Hajja Nawal, da kwanon miya a cinya.

"Sannu da jinya, Hajja. Kin ji motsi jiya?"

"Ina shan maganin barci, ɗana. Ko gidan aka ɗauke ba zan ji ba."

"Kina shiga ɗakin can?"

"Ɗakin gumaka?" Ta taɓe baki. "Tun da aka kawo ni gidan nan ba ruwana da shi. Mazan mutane na tara filaye, nawa yana tara dodanni. Ban san sunan ko ɗaya ba."

A kan ƙaramin teburin gefen gado Sufeto ya ga wani tawul an naɗe shi kamar tabarma, an ɗaure da zare.

"Wannan fa?"

Tamir ne ya amsa daga ƙofa. "Likita ya ce a riƙa sa masa a hannun da ya shanye. Yatsun sun dunƙule, in babu abu a ciki farce na huda masa tafi."

Hajja Nawal ta kai cokali bakin mijinta. Ya sha.

"Alhamdu lillahi," in ji Tamir. "Tun ranar da Basim ya zo duba kayan ya ƙi cin komai. Sai yau."

A ƙasa mai gadin gidan ya ce bai ga baƙo ba, sai dai Ustaz Milad mai gyaran agogo, abokin mai gidan, ya zo jiya da la'asar, aka ji hayaniya a sama.

Shagon Milad yana kan kwana. Tsoho ne gajere, da gilashin ido ɗaya rataye a goshi. A bayan agogunan, kanta guda cike take da irin 'yan tsanan can.

"Yaushe rabonka da gidan Wagih?" in ji Sufeto.

"Na daɗe, Basha. Ba na iya ganinsa a haka."

"Mai gadi ya ce jiya."

Milad ya cire gilashin. "Mai gadin nan da zai yi gadi kamar yadda yake surutu, da ba a fasa gidan ba. E, na je. Na je yi wa kayan ban kwana, na gaya wa yaron nan cewa uban nasa yake sayarwa, ba roba ba. Ya nuna mini ƙofa."

"Kana son Matuƙin Zuhal?"

"Tun muna 'yan makaranta. Na yi wa Wagih tayin rabin kantar nan, ya ce in je in sha ruwan teku."

"To ga shi ya ɓata."

"Da kwalinsa?"

"An buɗe kwalin, an bar shi a kanta."

Tsohon ya zauna a hankali, kamar an yi masa ta'aziyya. "An buɗe?"

"Da wuƙa."

"To ka cire ni, Basha, ka cire duk mai tara 'yan tsana irina. Mu ba ma buɗewa. Na san wanda matarsa ta bar shi saboda ya ƙi buɗe wa ɗansa guda ɗaya. Ka sa mini bindiga a kai, zan ba ka makullin shago, amma ba zan yanka gam ba."

"Ɓarawon titi fa?"

"Ɓarawon titi zai bar manyan masu walƙiya ya ɗauki ƙaramin da fentinsa ya fi na kowa muni? Kuma ya tsaya yanka gam kamar likita?"

"An lulluɓe kabad ɗin da zane."

Milad ya ɗaga kai. "An buɗe katakon baranda ke nan?"

"An buɗe."

"Saboda rana ne. Rana na cinye launin kwali, ta mayar da leda rawaya. Rana ba ta shiga ɗakin Wagih. Dokarsa ta farko ke nan."

"Wato ɓarawon ya san doka."

"Ya san ta farko, ya karya ta biyu. Ba namu ba ne, amma a cikinmu ya tsufa." Milad ya farga da abin da ya faɗa. Can sai ya ɗauki wani agogo ya manna masa ido. "Ban san komai ba, Basha. Aiki ya yi mini yawa."

A hanya Saja ya ce, "Ɗan ne. A gidan ya tashi."

"Wanda ya sayar zai lalata cinikinsa?" in ji Sufeto. Tafiyarsa ta yi nauyi. Ya san inda abin yake, kuma bai so ya sani ba.

Ya tara su a ɗakin mara lafiya: Basim, Tamir, da Hajja Nawal a kujerarta.

"Hajja, zanen da ke kan kabad, ɗan'uwan wannan na kan gadon ne?"

"Zanen gida ne. Ɓarawo ya ɗauka."

"Ɓarawo ya buɗe akwatin zannuwanki, ya zaɓi wankakke, ya soke gefuna. Ya fasa gilashi daga ciki. Sannan ya ji tausayin kwalaye." Ya nuna tawul ɗin da ke kan tebur. "Likita ya ce kada hannun ya zauna babu komai. Ke ba ki da sakaci. Me ke hannunsa?"

Idanun tsohon suka koma kan matarsa.

Hajja Nawal ta ajiye kwanon. Da kanta ta janye bargon.

A cikin dunƙulallun yatsun akwai ɗan mutum na roba, mai farar hular ƙarfe da shuɗiyar riga. Kansa kaɗai ya fito ta saman babban yatsa.

"Mama," in ji Tamir.

"Mahaifin Wagih ma'aikacin jirgin ruwa ne," in ji ta. Sufeto take kallo. "Shi ya kawo masa daga Japan yana yaro. Ya ba shi a bakin tashar jirgi, ya ce kada ka buɗe sai na dawo mu buɗe tare. Jirgin bai dawo ba. Duk sauran da ka gani a ɗakin can, 'yan taya wannan jira ne."

"Sai kika buɗe."

"Ranar da wannan mutumin ya zo yana ƙirga su da ƙarfi, Wagih yana ji ta bango. Ya rufe baki. Na yi lallashi, na yi faɗa. Na roƙi ɗana ya bar guda ɗaya, ya ce an riga an sa hannu. Hannun Wagih ba ya iya riƙe kwali. To na ce jira ya isa. Da taɓaryar dakan tafarnuwa na fasa gilashin."

"Zanen fa?"

Ta yi ɗan murmushi marar daɗi. "Na buɗe katakon don a ce ta nan aka shigo. Na kai ƙofa, sai na ji muryarsa a kaina: Nawal, rana. Tun ina amarya nake jin wannan. Ban yi shawara ba, hannuna ne ya yi."

Sufeto ya ja Basim zuwa falo.

"Tsohuwa ce. Ka janye ƙara."

"Matuƙin nan shi ne kan cinikin duka, Basha. Na riga na yi wa wani mutumin Kuwait alkawarinsa a rufe. Me zan ce masa?"

"Ɗanta zai biya ka."

"Ya biya ni me? Babu na biyunsa a rufe, ko a Japan. Ba na janyewa. Kuma kayana ne, a karɓo mini shi."

Sufeto ya dube shi har Basim ya kau da kai. Amma bai janye ba. An shigar da ƙara, an fasa ƙofa, an yi wa hukuma ƙarya. Ba abin da Sufeto zai iya shafewa.

Ya koma ɗakin. "Hajja, za ki zo ofis tare da mu. Kuma ɗan tsanan shaida ne. Dole in tafi da shi."

Saja ya matsa ya kama kan Matuƙin ya ja. Bai fito ba. Wani sauti ya taso daga maƙogwaron tsohon, ba kalma ba, ba kuka ba. Saja ya saki, ya ja da baya, ya kalli ƙasa.

"Ba haka ake yi ba," in ji Hajja Nawal.

Ta zauna a bakin gado, ta ɗauki hannun ta ɗora a cinya. Ta murza wuyan hannun da babban yatsa, kamar yadda take yi kowace safiya.

"Saki, Wagih. Ka dai riƙe shi, ko? Ka ji yadda yake. Roba ce kawai, na sha gaya maka."

Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta zare ɗan tsanan ta miƙa wa Sufeto, da ɗuminsa. Ta ɗauki tawul ɗin ta sa a madadinsa. Yatsun suka rufe a kai.

Tsohon ya juyar da idanunsa bango.

Ta yafa mayafi, ta sa takalmi. Ta nuna wa Tamir kwanon miya. "Rabin cokali, ta gefen hagu. Ka jira ya haɗiye."

"In ya ƙi fa, Mama?"

Ta gyara mayafinta, ta nufi ƙofa.

Saja ya wuce gaba, ita tana biye. Da suka zo daidai ƙofar ɗakin kayan sai ta tsaya. Rana ta bar tsakar ɗakin, ta hau kabad na biyu, wanda ba a rufe ba. Basim yana tsaye da kwalayensa, bai lura ba.

"Tamir," in ji ta. "Rufe katakon nan."

Ta tsaya har ta ji ƙarar sakata, sannan ta sauka.