Miyar Ranar Lahadi

"Miyar kwana shida! Ita kike ba shi ya ci?"

Goggo Kadijatu ce tsaye gaban firizar surukarta, ta bankaɗe murfin. Ga robobi nan a jere reras, kowace da sunanta a jiki.

"Goggo, wallahi ba ta lalacewa..." in ji Suwaibatu.

"Rufe min baki! Gobe ki ajiye aikin asibitin nan, ki zauna ki dafa wa mijinki na yau a yau."

Suwaibatu ta dubi robobinta. Shekara uku tana karatun jinya, yau a ce ta bari saboda miya? Ita da duk Lahadi take sayo kwandon tumatir mai araha, ta wuni tana soya jajjage, ta raba kuka daban, taushe daban! Ko tattasai ɗaya bai taɓa ruɓewa a gidan nan na Tumfure ba, kuma tana ji da kanta a kan haka.

Ta dubi mijinta. Bamanga na durƙushe bakin ƙofa, kai a ƙasa. Ɗan farin Goggo ne, ko sunansa ba ta kamawa, shi kuwa tunda aka haife shi bai taɓa mayar mata da magana ba. Shirun nan nasa ya fi faɗan yi wa Suwaibatu ciwo.

Can ya yi gyaran murya.

"Goggo... miyar taushen da na kai miki Bolari ran Juma'a..."

"Me ya same ta? Wannan ai miya ce! Har maƙwabta na sam wa."

"Daga firizar nan ta fito. Wata takwas ke nan kina cin miyar firizar nan."

Goggo ta juyo ta dube shi.

"Ki yi haƙuri," ya ci gaba, gumi na tsattsafo masa. "Ni na raka Suwaibatu makaranta, ba zan ce ta bar aiki ba. Tunda ta fara tsarin nan ban ƙara cin abincin tasha ba. Ba ni da abin alfahari kamarta."

Kai jama'a! Hawaye suka zubo wa Suwaibatu, na daɗi zalla.

Goggo ta gyara mayafi, ta sake leƙa firizar, ta daɗe tana kallo.

"Wannan mai jan murfin fa?"

"Kuɓewa ce, Goggo."

"Sa min biyu a leda. Kuma gishirinki ya ɗan yi ƙasa."

Da ya dawo daga raka ta titi ta hau keke napep, Suwaibatu ta riƙe hannunsa.

"Hamma na... ashe kana da baki?"

"Yau na fara, masoyiyata," ya ce. "Ɗumama min taushe, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata."