Ramuwar Shaɗi

Ranar da Abdurrazak ya fara ganin Samira, zaune yake daɓas cikin kashin shanu. Ya zo yi wa garken Ardo Mahamadu allura a rugarsu ta bayan Sukukutane, wata karsana ta shure shi a cinya. Ƴar Ardon, da ke goge faifan sola a bakin rumfa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Sannu, likita. Halan a lakwal, makarantar taku, ba a koya muku inda saniya ka shuri ba?"

Kunya da so suka kama shi lokaci guda. Kafin ya tada moto ya karɓi lambarta, wai don ya riƙa tambayar lafiyar karsanar.

Sai dai gidan Ardo ba a neman aure ta waya. Saurayi zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, kada ya haɗa ido da suruki, kada ya ambaci sunan yarinya. Abdurrazak Bafulatani ne, amma haifaffen Dogon Dutsi, da ƙyar ya koyi wannan duka. Sannan ɗan aike ya kawo sharaɗin ƙarshe.

"Ardo ya ce ɗiyatai ba ta auren wanda bai tsaya shaɗi ba."

Shaɗi kuwa duka ne da tsumagiya a gaban jama'a, saurayi na duba madubi, in ya motsa ya faɗi. Mai dukan shi ne Saminu, ɗan baffan Samira, wanda ya so ta ita ta ƙi shi.

Kaltume, mahaifiyar Abdurrazak, ta yi tsalle ta dire. "Ban haihe ka don wani shi hwasa maka haƙarƙari ba! Mata sun ƙare ne?"

Samira ma ta turo saƙo: "Sheri, masoyina, in ka bari ba ni ganin laihinka. Saminu da mugun nuhi yake."

Ya amsa: "Hasken idona, ki dai tsaya inda zan gan ki."

Ranar shaɗi da hantsi aka buga ganga. Abdurrazak ya cire riga, ya ɗaga madubi. Saminu ya zagaya shi, ya ja da baya, ya zabga masa tsumagiya a haƙarƙari. Fata ta tsage. Ta biyu ta sauka kan ta farko, jini ya gangara har cikin wando. Duniya ta juya masa, amma a gefen madubin ya hango Samira tana cizon gyale, sai ya dake.

Aka miƙa masa tsumagiya don ramuwa. Bawan Allah, da zuciyarsa ta mutumin gari, sai ya yar da ita.

"Na yahe mashi," in ji shi.

Ganga ta tsaya cak. Saminu ya yi kururuwa, ya fizge sanda ya rotsa masa goshi. Abokan Abdurrazak suka shiga, samarin ruga suka taso, sanduna suka yi ta sauka a kai da gwiwa har wani ya rasa haƙori. Ardo ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Ana ɗinke masa goshi a asibiti saƙon Samira ya shigo: "Mi ka aikata haka? Wanda anka ƙi rama ma, an ce bai kai namijin da za a doka ba. Ka kashe Saminu da ranai, babu budurwar da za ta sake duba tai. Baba ya ce an hwasa auren. In kana so na, koma ka doke shi. Da ƙarhi, Sheri."

Abdurrazak ya karanta, ya sake karantawa. Shi da ko akuya ba ya iya yi wa tsawa, yau an ce aurensa na rataye da jinin mutum.

Ya koma ba takalmi, ya tsuguna, ya roƙi a sake tara jama'a. Saminu ya tsaya da madubi, idonsa jawur. Dukan farko da Abdurrazak ya yi masa ko ƙuda ba zai kashe ba.

"Likita," Saminu ya ce a hankali, "kar ka kunyata ni sau biyu. Doka!"

Abdurrazak ya runtse ido ya sauke da iyakar ƙarfinsa. Tsumagiyar ta karye, jini ya fantsama masa a fuska. Saminu ko gezau, sai ma ya gyara gashinsa a madubi yana murmushi. Ƴan mata suka ɓarke da guɗa, mai dukan kuwa shi ne ke hawaye.

Ardo ya miƙe, ya ce, "Ku ba likita matatai."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Kaltume ta zo tana mita, ta ƙare da rungume amarya tana sa albarka. Saminu ne ya riƙo hannun Samira har ƙofar ɗakin ango, rigarsa a buɗe don kowa ya ga tabon.

"Ga ƙanwata nan," ya ce. "Hannun da ka ɗaga a kaina, shi zan na ƙarshe, kar ka ɗaga shi a kanta."

"Har abada, yaya," in ji Abdurrazak.

Samira ta sunkuyar da kai, tana dariya tana kuka. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.