Keken da Ba Ya Sallama

Rana ta faɗa bayan dawa. Kaji sun shige akurki, Kulu tana kwashe tuwo a gindin murhu. Mijinta Hashimu, telan da ke ɗinki a Bagwai, dawowarsa ƙauye ke nan, ya tsuguna a tsakar gida yana goge sabon kekensa da tsumma, sai ka ce wankan jariri.

Keken dai abin kallo ne, a faɗi gaskiya ko ta maƙiyi ce. A gwanjon Kano ya samo shi. Kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, mai hawa dole ya duƙa, ga giyar canza gudu, ga tayoyi masu cin kwalta da burji da yashi duk ɗaya. Tun da ya same shi ya daina bin titi. Sai ya yanke ta siririyar hanyar da ke tsakanin gonaki, ya ratsa ƙarƙashin tsohuwar tsamiyar kufai. Ni maƙwabcinsa, da na ce ya ba ni in ɗana, cewa ya yi ba a ƙera shi don masu tumbi ba. Tumbin nan kuwa na arziki ne. Ban riƙe shi ba, Allah na gani.

Yana cikin gugar nan aka fara jifa. Dutse na farko a tukunyar miya ya faɗa. Kulu ta ɗaga kai tana shirin zagin yaran maƙwabta, na biyu ya fasa randa. Ba daga bayan katanga suke zuwa ba, daga sama suke saukowa, da ɗumi. Sai tayar keken ta baya ta fara juyawa ita kaɗai, a hankali.

'Yarsu Tahira, budurwa, tana tsaye a bakin ɗaki da kwano a hannu. Ta sake shi. Ta yi dariya da muryar tsoho.

"Inna lillahi," in ji Kulu. "Wannan ba muryar 'yata ba ce."

Kwanaki aka yi a haka. Da rana lafiya lau. Da zarar almuru ta kawo jiki, sai jifa, sai Tahira ta zube tana jan ƙafar hagu. Ta daina ci, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Dole aka aika wajen Rimin Gado aka ɗauko Malam Mika'ilu, mai ruƙiyya.

Malam ya zauna a buzu, ya sa mata suka riƙe Tahira, ya fara karatu. Bai yi nisa ba ta sandare.

"Wane ne kai?"

"Sunana ya fi ƙarfin bakin ƙananan malamai. Tun kakan telan nan bai iya ɗaura wando ba nake gindin tsamiya."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ubanta za ka tambaya. Kowa da ke bin hanyar nan yana da motsi. Jaki ya yi kuka, babur ya yi ƙara. Tsohon kekensa ma yana da ƙararrawa, tun daga nesa mu kwashe yara daga hanya. Wannan kuwa sulɓi kamar maciji. Kai a ƙasa, gindi a sama, ba bismilla, ba sallama, kuma da almuru! Ya taka ƙafar jikana ya wuce. Ni! Mai zuri'a kamar ni!"

"Wallahi ban ga kowa ba," in ji Hashimu. "Kuma irin wannan keken, ƙararrawa ɓata shi take..."

"Yi mana shiru," in ji Malam.

Aljanin ya nemi baƙin bunsuru. Malam ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah, ya ci gaba da karatu har muryar ta koma ihu.

"Tsaya! To, a jefa keken a rijiyar kufai. Ko keke ko yarinya. Tela, zaɓi."

Hashimu ya dubi 'yarsa. Ya dubi keken. Ya daɗe yana kallonsa, har Kulu ta juyo tana kallon mijinta. Da ya buɗe baki, a hankali ya ce, "Malam, ko zai karɓi tsohon?"

Dariyar da ta fito daga bakin Tahira sai da ta tashi kajin akurki.

"Ba ka da keke, ba ka da yarinya," Malam ya ce wa aljanin. "Shi kuma ba zai ƙara bin nan da almuru ba. In da rana ne, ya sauka, ya yi bismilla, ya tura. Fita!"

"Na fita mana. Ai na riga na rama."

Tahira ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Tayar keken ta tsaya.

Kulu ta ba ta ruwa ta sha. Hashimu ya matso, ya miƙa hannu zai taɓa goshinta. Ta kau da kai, ta yi magana da muryarta ta ainihi, siririya, a shaƙe.

"Baba, baki kawai ya riƙe min. Kunnena yana ji."