Bakin Manaja

"Ki gaya masa daga yau ba ya aiki da mu."

Manaja ya faɗa da harshensu na can, idonsa a kan kwamfuta. Tauraruwa ce tafintar kamfanin dakon kayan. Tun da masu kamfanin suka turo shi daga ƙasarsu, duk maganarsa da direbobi ta bakinta take bi.

Wanda ke tsaye gaban teburin kuwa Dogo ne.

Dogonta, wanda kawunnansa za su zo neman aurenta ranar Asabar.

Ta lalubi zuciyarta ta ji wayam, ko hawaye babu.

"Ya ce an sallame ka," ta ce, da muryar da take kiran lambar kwantena.

Laifinsa ɗaya: ya tsinci mace tana naƙuda a bakin titi, ya kai ta asibiti a motar kamfani, alhali dokar kamfanin ta hana ɗaukar kowa. Shugaban direbobi, wanda ya taɓa neman Tauraruwa ta ce ya nemi wata, shi ya kawo hoton kyamarar motar da hannunsa. Ga shi can jingine da ƙofa yana sosa gemu, sai ka ce ba shi ya haƙa ramin ba.

"Makulli da katin shiga," in ji Manaja.

"Makulli da katin shiga," ta maimaita.

Dogo ya ajiye su a hankali. Ya dubi Manaja, amma da ita yake.

"Ki ce na gode. Ke kuma, Tauraruwa... ki ba Mama haƙuri. Da ƙyar ta yarda da direba, shi ma don na kamfani ne. Zan ce wa su Kawu su fasa."

Ta san gaskiya ya faɗa. Har yanzu Mama kan ce, "Duk karatunki ki ƙare a gidan mai warin gas?"

"Me ya ce?" Manaja ya tambaya.

"Ya ce ya gode."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Haka muke godiya, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga kafaɗa. "Ki ce masa kamfani na yi masa fatan alheri."

Ta juya ga Dogo, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta san albashinta ne ke riƙe da gidansu, ta kuma san tafintar da ta sa son ranta a magana ba ta kwana a kujerarta.

"Ya ce yana maka fatan alheri. Ni kuma na ce su Kawu su zo ranar Asabar."

"Tauraruwa, ba ni da aiki fa..."

"Ai da bakina na kore ka, na sani! Mama kuma ka bar ni da ita."



Shugaban direbobi ya zabura. "Kai! Wannan ba fassara ba ce! Wallahi sai Manaja ya ji!"

Ya matso gaban tebur, ya buɗe baki, ya rasa kalma ɗaya ta harshen mutumin. Manaja ya dube shi, ya dube ta, yana jira.

Ta gyara zama.

"Bismillah, Malam. Faɗi in fassara."