Yatsun da Igiya Ta Cinye

"Sau tara ke nan ina dangwala miki yatsan nan. Ke wace irin makauniya ce?"

"Ba a ga mutum ba," in ji na'urar, da muryar nan tata mai sanyi kamar ta wadda ba ta taɓa jin yunwa ba. "A sake ɗora babban yatsa a kan gilashin."

Tasalla ta goge yatsan a zaninta, ta ɗan tofa masa yawu, ta sake dannawa. Fitilar ta yi ja. Mata shida da ke kan benci a bayanta tun safe kowacce ta gwada, kowacce an ce mata ba mutum ba ce.

Sunan na'urar Tantance, amma a birnin Sabon Kwari kowa Akawu yake ce mata. Wani injiniya ne ya ƙera ta, da kyakkyawar niyya kuwa, don a da mutane kan yi rajistar ƙungiya da sunayen matattu. Fuska yanzu ana buga ta a inji, murya ana kwaikwayonta, shi ya sa ya ce a koma ga zanen yatsa. An ce a hawa na casa'in aka haife shi, can inda ake tatsar ruwa daga gajimare, bai taɓa ganin guga ba. Ba mamaki.

Doka ce ta kawo matan ofishin. Duk rijiyar da ba ta hannun ƙungiya mai rajista ta mutum bakwai kafin azahar ta ranar Alhamis, kamfani zai karɓe ta ya ja ruwan zuwa benaye. Rijiyar Tsamiya kuma ita kaɗai ta rage wa mutanen unguwar ƙasa. Shekara arba'in da ɗaya Tasalla tana jan ruwa a bakinta, ita ke sa a yashe ta, ita ke korar awaki. Igiya ta cinye mata zanen yatsu tas, sun yi sumul kamar bayan cokali. Haka na sauran matan. Ga shi yau Alhamis, rana ta kusa tsaka.

"Yaya Tasalla, matsa in gwada mana."

Sallau ne, ƙanin marigayi mijinta, wanda ya biyo su don ya ji an ce ofishin akwai sanyi. Mutumin da ko butar alwala sai an miƙo masa. Hannunsa kamar kwaɓin alkaki.

"Kai da wace rijiyar?"

"Gwaji ne dai."

Ko gama ɗora yatsan bai yi ba fitila ta yi kore.

"Barka da zuwa, Malam Sallau," in ji Akawu. "Saura mutum shida."

Tasalla ta dubi agogon bango, ta dubi matan. Lantana, wadda bayanta ya ranƙwafa da ɗaukar tulu, ta ce, "To ya za mu yi? Gara sunan ya zauna a unguwa." Tasalla ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce wa Sallau, "Kira abokan hirarka."

Ba su ɓata lokaci ba. 'Yan majalisar gindin bishiya su shida suka sauka daga jirgin haya, har da Na'iya mai barci a tsakiyar hira. Kore, kore, kore. Saura minti huɗu azahar Akawu ta tofo takarda mai hatimi: Ƙungiyar Masu Jan Ruwa ta Rijiyar Tsamiya, Shugaba Malam Sallau.

"An yi rajista," in ji ta. "Inji ya tashi yanzu zai kafa wa rijiyar murfi da famfo. Famfon ba ya buɗewa sai da yatsan ɗan ƙungiya."

"Tsaya," Tasalla ta ce. "Wato in ina son ruwan koko da asuba, sai na tashi wannan?"

"Ni fa ba na tashi kafin hantsi, Yaya, kin sani."

"Sharaɗi na biyu," Akawu ta ci gaba. "An hana 'yan ƙungiya duk wani aikin ƙarfi da zai iya goge musu zanen yatsa."

Na'iya ya farka. "Me ta ce?"

"Ta ce gwamnati ta hana mu aiki," in ji Sallau, yana gyara zaman hularsa.

"Alhamdu lillahi."

Tasalla ba ta da sauran ƙarfin zagi. Ta matso kusa da gilashin ta sassauta murya. "Baiwar Allah, rubuta abu ɗaya. Rijiyar nan da rani ba a janta bayan azahar. Sai an bar ta ta huta idon ruwan ya tara, in ba haka ba laka za a tsotso idon ya toshe. Na ga ta mutu sau ɗaya, wata bakwai muka yi kafin ta dawo. Famfonki bai san wannan ba."

"'Yan ƙungiya ne kawai ke kawo shawara."

Ta juya. "Sallau, faɗa mata."

"Za mu zauna a kai, Yaya. Ni a ganina tunda inji ne, ai sai ya yi ta ja dare da rana, har mu sayar wa na sama. Ki bar wa masu abin."

Ta ɗaura gyalenta a ƙugu ta nufi ƙofa. Ƙofar gilashi ce mai zamewa da kanta, da ɗan wurin ɗora yatsa a gefe. Da safe bayan wani ma'aikaci suka bi suka shigo. Ta ɗora yatsa.

"Ba a ga mutum ba," in ji ƙofar.

"Bari in zo in buɗe miki," Sallau ya ce daga kan kujera, bai ko motsa ba.

Can lungu akwai wata tsohuwar ƙofar ƙarfe ta masu shara, mai sakata, wadda aka manta ba a sabunta ba. Sakatar ta yi tsatsa, ba hannun da zai iya zare ta sai irin nata. Ta fizge ta da ja ɗaya, ta tsaya har matan shida suka fice, sannan ta maka ƙofar da ƙarfin da ya sa takardar rajistar ta suɓuce daga hannun Shugaba.